Jitar Marigayi a Zangon Kataf

Mun tashi daga Kafanchan da asubar ranar Alhamis, gari bai gama wayewa ba, mu uku ne: ni mai kaɗa jita, da mai gangarmu wanda tela ne a bakin kasuwa, da mawaƙiyarmu, malamar firamare. Mai ganga ne ya ɗan riƙe mu, domin sai da ya idar da salla ya fito yana gyara hula, mu kuma muna tsaye a ƙofar shagonsa muna kaɗe sauro. Ku da kuke bin mu wuraren biki, kuna ta tambayar dalilin shirunmu kwanakin nan, to ga labarin.

Daminar bana ta ci mana kaya. Amfilifayarmu, wato injin ƙara muryar kiɗa, ta ƙone ranar da wutar lantarki ta dawo da ƙarfi muna tsakiyar gwaji, sai hayaƙi da warin roba. Jitata kuma danshi ya lanƙwasa mata wuya, tsirkiyoyi suka yi sama, har sai yatsa ya yi kokawa kafin ya danne su. Ga shi an kira mu biki a Kagoma ranar Asabar. Tun bayan rikicin da aka yi a garinmu, masu biki suna ɗari-ɗari da ƙungiya irin tamu mai haɗe da Kirista da Musulmi, kuma wannan ne babban kiran da muka samu na farko. In muka kasa zuwa, uban amarya zai ɗauko makaɗa daga Jos, mu kuma kowa ya kama gabansa. Saboda haka muka haɗa abin da ke hannunmu. Mawaƙiya ta sayar da cittar da ta ajiye, tela ya kawo kuɗin ɗinki, ni ma na zuba abin da na tara daga aikina na gyaran wayoyi a tashar jirgi. An kwatanta mana wurare biyu da ake sayar da kayan kiɗa na hannu, ɗaya a Kagoro, ɗaya a Zangon Kataf. Na ce musu su kwantar da hankali, ba za mu dawo hannu rabbana ba.

Daga Kafanchan zuwa Kagoro ba tafiya ba ce, kafin mutum ya gyara zama a bas an iso. Amma ko sau nawa na je, duwatsun nan sai sun sa na ɗaga kai. Da safen nan gajimare ya sauko ya rufe musu rabi, ruwa yana gangarowa daga jikinsu fari fat. Muka karya da ƙosai da kunu a bakin tasha. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa kuma ya girma. Mai tuyar ta ce mu je mu tambayi masu sayar da man gyaɗa, ita ba ruwanta.

Wanda muka zo wurinsa malami ne a wata makarantar mishan, mutum mai fara'a, ya tarbe mu da rigar sanyi da alli a hannu. Ya shiga ɗaki ya fito da jita ja wur, tana sheƙi kamar an lashe ta. Mawaƙiya ta dafe ƙirji. Mai ganga ya ce tafiya ta ƙare ke nan, mu biya mu koma mu yi barci.

Ni dai na karɓi jitar. Na ɗaga ta na ɗora gindinta kusa da idona, na hango wuyan daga ƙasa zuwa sama kamar mai auna bindiga. Haka ake fara duba jita, ba daga fenti ba. Wuyan ya ɗan karkace hagu. Na bi ƙarafunan wuyan ɗaya bayan ɗaya ina dannawa, wasu suna ƙara kamar ƙuda a cikin kwalba. Da na juya ta, na shafa inda wuya ya haɗu da jiki, sai yatsana ya ji tudu. An taɓa karya ta a nan, aka liƙe da gam, aka bi da fenti. Na nuna wa malamin. Ya sa tabarau ya duba, sannan ya ce shi ma haka ya saye ta, bai taɓa lura ba, ya ɗauka hannunsa ne bai iya ba shi ya sa take yi masa gardama. Na gaya masa a ɗaki za ta yi masa shekaru, amma a filin biki, da zafin rana da jan tsirkiya, wata rana za ta rabu biyu a hannun mai kaɗa ta. Muka yi sallama cikin mutunci, har ya raka mu bakin titi.

Abokan tafiyata ba su yi mini magana ba har muka shiga motar Samaru, wadda ke kan hanyar Zangon Kataf. Mawaƙiya ta juya fuska taga. Mai ganga ya ce, "Kai dai ka cika iyayi. Jita ja kamar wannan, daga nesa ma an san makaɗa sun zo." Na ce masa mutanen Kagoma rawa za su yi, ba kallon fenti ba.

Hanyar ta sha ruwa. Inda kwalta ta mutu direba sai ya sauka gefe, motar tana rangaji kamar jirgin kwale-kwale, fasinjoji suna kiran sunan Allah kowa da harshensa. Kuɗin mota ma ya tashi, kwandasta ya ce mai ne ya yi wuya. A gabanmu akwai wata tsohuwa da kwandon atile a cinya, a bayanmu wani mutum da akuya wadda ta ɗauki gefen rigar mai ganga a matsayin karin kumallo. Amma idan ka leƙa waje ranka zai yi fari. Dawa ta yi tsayi ta fi mutum, acca ta kwanta tana jiran lauje, gonakin citta kore shar, kunyoyin doya a jere har gindin tsauni. Can gefe Fulani suna kora shanu a gefen gonaki da sandunansu a wuya. Tsohuwar nan ta ɗebo mana atile da aka riga aka jiƙa a ruwan ɗumi, ta ƙi karɓar ko kwabo. Da shi aka sasanta ni da mawaƙiya, don ba a cin atile da fushi.

Daga Samaru muka hau baburan haya zuwa Zangon Kataf. Ranar kasuwa ce, gari ya cika maƙil: buhunan masara, tulin doya sabuwar haƙa, zuma a kwalabe, tukwane, awaki, da masu rediyo kowa ya ƙure nasa. Wadda muke nema wata gwauruwa ce da innar mawaƙiya ta san ta a zumuntar mata. Mijinta ya yi kiɗa a otel-otel na Jos a zamanin da kuza ke tashe, da ya tsufa ya dawo gida noma, ya rasu bara waccan. Kayansa suna nan, ita kuma tana so ta gyara rufin ɗakinta kafin wata daminar.

Mun same ta tana shanya kuɓewa a tsakar gida, gajeriyar mace mai furfura da hannuwan manomi. Ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo ruwa. A bakinta jita namiji ne, kamar yadda yake a bakin mutanenmu da yawa na nan kudu.

"Ku zo lafiya, yarana," in ji ta. "Jita ɗin yana nan. Tun da Baba ya tafi ba wanda ya buga shi."

Ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, a kan wasu katakai da suka raba shi da ƙasa. A ciki ga jitar, naɗe da tsohon zane. Ba ta da kyan gani. Launinta ya dushe, inda hannun marigayi ke gogawa fentin ya cinye har katako ya fito. Na ga mai ganga ya taɓe baki. Amma da na ɗaga ta na hango wuyan, a miƙe yake sambal. Kunnuwan da ake murɗa tsirkiya da su suna juyawa sumul, babu tsatsa. An sassauta tsirkiyoyin duka. Na tambaye ta wa ya yi haka. Ta ce marigayi ne ya gaya mata tun yana kwance, kada a bar su a ɗaure, kuma kowace Lahadi in ta dawo daga sujada tana goge shi da busasshen tsumma. Na riƙe jitar a ƙirjina na ji nauyinta, na san mun samu.

Amfilifayar marigayin ce matsala. Mama, kamar yadda muka shiga kiran tsohuwar, ta ce ita tana tsoron abin wuta, shi ya sa ta tura ta ɗakin ajiya tare da fartanya da buhunan gyaɗa. Tsohuwar ƙira ce, babba, mai kwalabe a ciki, irin wadda sai ta yi zafi take magana. Muka yi ciniki a kan kayan biyu ba tare da dogon ja-in-ja ba, amma na ce ba zan biya ba sai na ji muryarsu. Unguwar babu lantarki. Muka ari baro muka tura amfilifayar zuwa bakin kasuwa, shagon wani mai sayar da magani da ke da janareta. Mama ta ɗaura ɗankwalin zuwa coci ta biyo mu. Kafin mu gama haɗa wayoyi, mutane sun kewaye mu.

Na kunna. Shiru. Na kashe na sake kunnawa, na jijjiga waya, ko 'yar fitilar gaba ba ta kama ba. Wani daga cikin taron ya ce akwatin kaji muka turo, aka kwashe da dariya. Mawaƙiya ta dube ni, idonta ya ce cittarta ta tafi a banza. Amma Mama ce ta fi ba ni tausayi. Ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Ku ba ni kuɗin jita kawai. Wannan ku ɗauka haka nan, ko za ku samu ƙarfe a ciki. Ni ba na sayar da gawa."

Na ce, "Mama, ki zauna tukuna. Ba a binne mutum sai an duba shi."

Na fito da sukuddireba na kwance bayan akwatin. Abin da na gani ya sa ni dariya. Zanzaro ya gina gidajensa na laka a kowane lungu, har a jikin kwalaben. Ɓera ya gwaigwaye waya ɗaya ya raba ta biyu, fiyus kuma ya yi baƙi. Amma takardar lasifikar ba ta yage ba, kwalaben ba wanda ya fashe, babu warin ƙuna. Na cire wayar daga wuta, na jira, domin irin waɗannan injuna suna riƙe wuta a ciki ko an kashe su, suna iya jefar da ƙato. Na ɓamɓare lakar a hankali da tsinke, na share da gashin kaza da wata mai sayar da kaji ta miƙo mini. Mai ganga ya shiga kasuwa ya samo fiyus daidai da tsohon a wurin mai gyaran rediyo. Wani ya ba da shawarar a naɗe tsohon da takardar taba mai ƙyalli, na ce masa da wannan dabarar ake ƙona gidaje. Dalma tana aljihuna, abin narka ta ne babu, sai na sa doguwar ƙusa a garwashin mai gasa masara har ta yi ja, na liƙe wayar da ita. Na cire tsofaffin tsirkiyoyi na ɗaura sababbin da na taho da su, na saita su da kunne.

Da na sake kunnawa, fitilar ta kama. Kwalaben suka soma yin ja sannu a hankali, sai wani gurnani mai taushi ya fito daga lasifikar. Na ja tsirkiya ɗaya. Jama'a, na yi shekaru ina kiɗa ban taɓa riƙe murya irin wannan a hannuna ba. Mai kauri ce, mai zaƙi, tana fita ta tsaya a iska ba ta gaggawar mutuwa. Masu rediyo suka rage nasu. Na shiga wani kiɗa na da, irin wanda iyayenmu suke rawa da shi, don in ji kowace tsirkiya.

Mama ta miƙe daga bencin. Na ɗauka tafiya za ta yi. Sai ta ce, "Ƙara murya, ɗana." Na ƙara. Ta rufe ido ta soma waƙa da Katafanci, muryarta tana rawa da farko, daga baya ta miƙe. Mawaƙiyarmu ta kama amshi ko da ba ta jin harshen sosai. Mai ganga ya jawo jarkar mai shagon ya mai da ita ganga. Matan da suka zo sayen gishiri suka ajiye kwanduna suka shiga rawa, wani mahauci ya baro teburinsa da wuƙa a hannu yana gyaɗa kai. Hawaye yana zuba a fuskar Mama, amma ƙafarta ba ta daina taka ƙasa ba. Da muka tsaya ta goge ido da bakin zane, ta ce haka Baba yake buga shi, sai dai shi ya fi ni sauri.

A hanyar komawa gidanta mai ganga ya matso kusa da kunnena. "Ka tuna fa, da bakinta ta ce mu ɗauki injin kyauta. Kowa ya ji." Na ce gawa ta ba mu kyauta, wannan kuwa tana numfashi, kuma kuɗin mai rai muka yi ciniki tun farko. Ya yi dariya ya ce shi dai gwada ni yake yi, amma in sani yau ba mai cin tsire a Zonkwa. Mawaƙiya ce ta miƙa mata kuɗin cif yadda muka yi da ita. Mama ta ƙi, ta ce aikin hannuna ne ya tashe shi. Muka ƙi mu ma. Da ta ga ba za mu janye ba ta karɓa, ta zaunar da mu ta cika mana kwano da faten acca mai yakuwa da gyaɗa, irin wanda ake ci gumi yana zuba. Ta sa mana albarka da sunan Ubangiji, mai ganga ya amsa da amin ɗinsa, ta raka mu har bakin hanya ba ta ƙara kallon akwatin ba.

Tun da aljihu ya yi sauƙi, ta Zonkwa muka dawo a bayan akori-kurar doya. Jitar na roƙi direba ya bar ta a gaba kusa da shi, mawaƙiya ta rungume ta. Ni da mai ganga muka hau kan doya da amfilifaya a tsakaninmu. Ba mu yi nisa ba gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Tamfol ɗin motar duk ɓula ne, ruwa kuwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na tuɓe rigata na rufa wa injin, mai ganga ya kwanta a kansa da babbar rigarsa. A wani kwari muka tarar rafi ya cika ya hau kan gada, dole direba ya tsaya.

Akwai rugar Fulani a kan tudu kusa da wurin. Wani dattijo ya hango mu ya ɗaga sanda yana kiranmu. Muka kinkimi injin da gudu, santsi yana neman kayar da mu, muka faɗa bukkarsa. Ya sa aka kawo busasshiyar fatar saniya muka naɗe shi, aka dama mana fura da nono. Da ya ga jitar ya juya ta gaba da baya, ya ƙirga tsirkiyoyin da yatsa, ya ce, "Duk waɗannan mutum ɗaya ke lura da su? Ni garayata biyu gare ta, kuma kullum sai mun yi faɗa." Ya nuna mana inda ya rataye ta, sama kusa da inda hayaƙin murhu ke bi, ya ce da damina in ba haka ba fatar sai ta saki. Na ce masa, "Baffa, ashe ciwonmu ɗaya." Muka zauna muna jin ruwa a kan ciyawa har ya tsagaita, rafin ya janye. Fatar ma ya ce mu tafi da ita, in mun sake biyowa mu kawo.

Ana kiran magariba muka shigo Kafanchan, jiƙe sharkaf, jikinmu duk jar ƙasar doya. Mai ganga ya so a kunna injin nan take mu tabbatar ruwa bai taɓa shi ba. Na hana. Kayan wuta da suka sha danshi ba a yi musu gaggawa. Washegari na buɗe bayansa na bar shi a inuwa mai iska har yamma, na goge wuyan jitar da ɗigon mai, na sake saita tsirkiyoyin da suka saki. Sannan muka kunna, ya amsa lafiya lau.

Waɗanda suka je Kagoma ranar Asabar sun ga abin da ya faru, ba sai na yabi kaina ba. Babura sun yi ta sauke mutane daga ƙauyuka, aka yi rawa har ƙasar filin ta koma laka, uban amarya da kansa ya shigo fili da sandarsa. Kafin mu naɗe wayoyi mutum biyu sun tambayi ranar da muke da sarari. Muka dawo gida da doya a buhu da muryoyi a dishe.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma zai yi wa duk mai niyyar sayen kayan kiɗa amfani. Ka je da idonka da kunnenka da sukuddirebarka, kada sheƙi ya ruɗe ka, kada kuma shirun inji ya kore ka kafin ka buɗe cikinsa. Ka tambayi yadda aka ajiye kaya kafin ka tambayi kuɗinsu. In ka saya, ka goge tsirkiya duk lokacin da ka gama kiɗa, ka raba kayanka da ƙasa da bango mai danshi, ka zare waya da zarar an ɗauke wuta. Kuma na ga cewa a ƙasar nan tamu, daga Kagoro har ruga, mutane sun fi yadda ake ba da labarinsu kirki.

Da na shigo gida da amfilifayar, ina ta neman inda zan ajiye ta, ɗakin namu kuwa kun san ƙanƙantarsa. Matata ta tsaya tana kallona. Sai ta buɗe kabad ɗin da take jera kwanukan aurenta, waɗanda ko ni ba na taɓawa, ta sauke su ɗaya bayan ɗaya ta jera a ƙasa. Ta goge wurin, ta ja da baya ta ce, "Sa ta nan. Kwano ko ya jiƙe ba ya daina aiki."